Almakashin Yaya

Sau uku Auta ta roƙi yayarta ta bar ta ta riƙe almakashi, sau uku aka hana ta. Duk mutanen layin sun san da haka, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, don ita kanta Autar ba ta taɓa ɗaga murya a kai ba. Mutane kuwa ba sa zuwa jaje inda ba su ji kuka ba.

Shagon ɗinkin yana tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran agogo. Ɗaki ne dogo mai taga ɗaya, kekuna biyar a jere jikin bango, teburin guga a bayan ƙofa, teburin yanka kuma a gaban tagar inda haske ya fi sauka. Mai shagon kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, sunan ya fito ne daga bakin ƙanwarta ya liƙe mata. Gajeriya ce mai jiki, tef a wuya, guntun alli a hannu, ga murya da ake jiyowa daga bakin titi. Ba ta iya lallashi ba, kuma har ta manyanta ba ta ga dalilin koyo ba. In ɗinki bai yi mata ba, ba ta ɓata bakinta, reza take miƙa wa mutum ya farke.

Tana da shekara ashirin da biyu mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata tsohon keke mai ƙafa, da babban almakashi mai baƙin mariƙi, da yarinya 'yar shekara tara. Mahaifinsu ya riga ya rasu tun Auta tana goye. Mijin Yaya direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya da a gida. Da aka ce masa yarinyar za ta zauna da su sai ya ce, "To ai gara, kya samu wanda za ki yi wa faɗa in ba na nan." Allah bai ba su haihuwa ba, don haka Auta ce ƙanwar, ita ce kuma 'yar. A ƙarƙashin matakalar benen da suke haya Yaya ta kafa keken, ta yi shekara shida tana ɗinki a sunkuye, don in ta miƙe sai kanta ya gwaru da siminti.

A ƙarƙashin matakalar nan abin ya samo asali. Wata rana kwandon zare ya kife, kyanwar maƙwabta ta shiga ta yi wasan ranta, zare kala bakwai ya cukurkuɗe ya zama dunƙule guda. Yaya na sauri za ta kai ɗinki, ta jefa wa Auta dunƙulen a cinya ta ce ta san yadda za ta yi da shi. Lokacin Auta na da shekara goma sha huɗu. Yaya ta fita da hantsi, ba ta dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Ta tarar da yarinyar a inda ta bar ta, ƙafafunta sun sage, zare bakwai kowanne a naɗe daban, ko ɗaya bai tsinke ba. Ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta ce a ranta, wannan Allah ya zuba mata haƙuri. Washegari ta zaunar da ita kan ƙofar maɓalli da kalmasar hannu, aikin da ba ya son gaggawa. Da suka koma shago aka ɗauko kujerar aikinta aka ajiye mata a ƙurya, ta shekara talatin da biyu a kanta.

Daga nan Yaya ta samo dabarar da ta yi suna da ita. In mutum ya zo neman aiki ba ta tambayarsa abin da ya iya, don kowa gwani ne a bakinsa. Sai ta miƙa masa zare a cukurkuɗe, ta ci gaba da abin da take yi tana kallonsa ta wutsiyar ido. Wata ta karɓa ta riƙe tana zuba labari, awa guda ba ta warware ko taƙi ba, amma kafin ta tashi har mai gyaran agogo ya leƙo yana dariya. Yaya ta rataya mata tef ta ce ita ce mai awo da tarbar masu kawo ɗinki, aka sa mata suna Rediyo. Wani dattijo da ya bar aikin masaƙa ya juya dunƙulen sau biyu, ya ce zaren ma ba mai kyau ba ne, kuma wanda ya bar shi ya cukurkuɗe haka bai san darajar kaya ba. Shi aka ba duba ɗinki kafin ya fita, ya zama Alƙali, kuma tun da ya zauna ba a sake dawo wa shagon da riga ba. Daga baya wata budurwa ta zo, ta kalli zaren, ta kalli Yaya, ta sa haƙori ta datse shi gida uku ta ce ga shi nan, kowa ya huta. Yaya ta yi dariyar da ba kasafai take yi ba, ta ɗora ta kan keken da ya fi gudu. Jirgi ake ce mata.

Haka ta haɗa mutanenta, kuma a faɗi gaskiya, ta iya. Ba ta haɗa masu surutu biyu a benci ɗaya. Mai zafin rai ba ta ajiye shi kusa da Alƙali. Mai son yabo ta ba shi wuyan riga, inda ido ke fara sauka, mai kunya kuma ta ba shi aljihu da ɗinkin ciki. Har mai gidan burodi na ƙarshen layi yakan aiko a kira ta in zai ɗauki sababbin ma'aikata, ta je ta zauna ta sha shayinsa, ta nuna masa wanda zai sa a bakin wuta da wanda zai sa a kanta. Wannan ne abin taƙamarta a duniya, ya fi mata ɗinkin kansa. Takan ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Hali zanen dutse ne, ni karantawa kawai nake yi." In an matsa mata ta ba da labarin Auta da zare bakwai, labarin da ba wanda bai haddace shi ba a layin. Abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba shi ne ta koma ta sake duban mutumin da ta riga ta yanke masa hukunci.

Yanka kuwa nata ne ita kaɗai. Almakashin mahaifiyarsu yana rataye a ƙusa saman tebur, ba mai taɓa shi ko da sunan goge ƙura. A wurinta mai yanka dole ya zama marar tausayin yadi, wanda in ya fara ba ya waiwaye, don ɗinki ana farkewa a sake, yanka kuwa in ya tafi ya tafi.

Auta na da shekara goma sha tara ta fara tambaya. Suna share shago za su rufe ta ce, "Yaya, ko za ki bar ni in gwada yanka, ko da hannun riga ne?"

Yaya ta ce, "Ke? Ke da za ki wuni kina shafa yadi kina ba shi haƙuri? Zauna inda Allah ya ajiye ki, duk garin nan ba mai hannunki a maɓalli."

Da nufin yabo ta faɗa, kuma ta kwanta a ranar tana ganin ta yaba wa ƙanwarta. Tambaya ta biyu ta zo ne bayan Auta ta auri wani mai gyaran famfo, ta haifi 'yarta ta fari, ta dawo aiki da goyo. A ranar Yaya ba ta ma amsa ba. Mijinta bai daɗe da rasuwa a hatsarin mota ba, magana na shiga mata ta wannan kunne ta fita ta wancan. Auta ta ɗauki shirun a matsayin amsa, ta gyara goyonta ta koma kujera.

Abu ɗaya ne ke ci wa Yaya rai game da ƙanwarta, girman kai kuma ya hana ta fito da shi fili. 'Ya'yan Auta uku ba a shagon ake yanka musu kaya ba. Sukan biyo bayan an tashi makaranta, riguna sun zauna musu cif, kafaɗa ba ta zame ba, hammata ba ta tattare ba. Yaya ta kamo yaro kamar za ta yi masa wasa, ta juya wuyan rigar tana dubawa. Sau ɗaya ta kasa daurewa ta ce, "Wane tela ne wannan?"

Auta ta ce, "Can unguwarmu ake yi, Yaya. Na ga aiki ya yi miki yawa."

Yaya ta taɓe baki ta ce hannunsa ba laifi. A ranta kuwa ta san ya wuce ba laifi, ta yi shekaru tana jin haushin telan da ba ta taɓa gani ba.

Bayan Yaya ta haura sittin, wata sabuwar makaranta ta ba shagon kwangilar kayan ɗalibai, riga da wando da siket, yara ɗari uku, a gama cikin mako shida. Aiki irin wannan bai taɓa shigo musu ba. Aka jibge shuɗin yadi bandir-bandir har ya tare rabin taga. Yaya ta zauna ta raba aikin yadda ta saba. Rediyo ta tafi makarantar da tef, don ita ce za ta iya sa yaro ya tsaya cak yana dariya. Jirgi da sauran masu keke su haɗa, Auta ta yi maɓalli, Alƙali ya duba, yanka kuwa ba sai an faɗa ba.

Sai dai akwai abin da take ɓoyewa. Wata biyu ke nan hannunta na dama yana rawa. Da farko sai in ta ɗauki kofin shayi, ta koma riƙe shi da hannu biyu tana cewa zafi ne. A rana ta uku da fara aikin ta jera yadi ninki takwas, ta zana, ta sa almakashi. Hannun ya fizge, almakashin ya ci cikin layi da faɗin yatsa biyu, hannun riga takwas suka lalace a lokaci guda. Kekuna suka tsaya, har na Jirgi. Yaya ta dubi yadin, ta dubi hannunta yana ta kaɗawa kamar ba nata ba, ta ajiye almakashin a tebur. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kawo mata labarin mijinta, don a ranar tana da aikin da za ta fake a cikinsa.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Hannuna ya ƙare. Dole wani ya karɓi yanka yau ɗin nan."

Auta ta soke allurarta a jikin ƙyalle ta miƙe. Mace 'yar shekara arba'in da shida, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, ta zo ta tsaya gaban yayarta tana murza yatsu. Ta ce, "Yaya, ni fa? Ki ba ni. Wannan karon dai ki ba ni."

Ba a san Auta da maimaita magana ba. Rediyo ta buɗe baki, Alƙali ya yi mata ido ta rufe. Yaya ta ji roƙon, kada wani ya ce ba ta ji ba. Amma ga yara ɗari uku, ga mako shida da an riga an gutsuri kwana uku, ga yadi da ba a kawo rarar ɓarna ba. Ta ce, "Auta, yanka na mai ƙarfin hali ne, ke kuwa kin san halinki. In na ɗauke ki daga maɓalli wa zan sa? Jirgi, taso."

Auta ta ce, "To, Yaya." Ta koma ta zare allurarta.

Jirgi ta taɓa yanka a wani shago kafin ta zo nan, ta kuma yi shi da kyau, abin da ya ƙara wa Yaya tabbacin idonta bai taɓa yaudararta ba. Tana tsaye a kanta tana faɗa, Jirgi na bin kwalin fasalin riga da alli tana datsawa ba tsoro. Aiki ya kankama. Kekuna na kuka tun safe, dutsen guga ba ya hucewa, Rediyo na kwaikwayon yaran makaranta da suka riƙa tsuke ciki in an zo auna ƙugu, ana dariya ana aiki. Daga ƙuryar Auta ba a jin komai, amma daga can dama ba a saba jin komai ba.

A mako na huɗu Yaya ta lura Alƙali ya sauya. Mutumin da in bai samu laifi a riga ba sai ya ƙirƙiro, ya yi gum. Ya daina fita cin abincin rana. Ran nan ta dawo daga kantin magani karɓo ƙwayar hannunta, lokacin kowa ya fita, ta same shi a bayan tulin yadi, tabarau a kan hanci, yana farke ƙofar maɓalli yana sake ɗinkewa da kaurin yatsunsa. Ta fizge rigar. Ƙofofin sun karkace, wata ta hau wata ta sauka, zaren ya tsallake a wurare. Abin da ya fara zuwa mata a rai abin kunya ne a faɗa: ta ɗauka fushi ne Auta ke hucewa a kan rigunan mutane.

Ta ce, "Ashe abin ya kai haka? Don na hana ta almakashi?"

Alƙali ya ce, "Mai shago, ki bi a hankali. Kwana goma ke nan ina gyarawa, kuma ba ganganci ba ne. Ki lura da ita in za ta zura zare, lalube take yi. Jiya ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta kifar da shi, alhali yana gabanta."

"Shi ne ba ka gaya mini ba? Kai da ko ƙuda ya sauka a riga sai ka kawo ƙara?"

"Shekara ashirin ina duba ɗinkinta ban samu abin faɗa ba. Da na samu kuma sai bakina ya ƙi."

Washegari ta bar shagon a hannun Rediyo, ta tasa Auta a gaba sai asibitin ido. Suka karɓi kati, suka zauna a dogon benci tun safe har rana ta raba. Likitan matashi ne, sa'an ɗan cikinsu. Ya haska, ya ɗiga, ya sa Auta ta leƙa cikin wata na'ura, ya rufe mata ido ɗaya ya ɗaga yatsu ya ce ta ƙirga. Ta yi canki, ba ta dace ba.

Ya ce, "Mama, kin daɗe da wannan ciwon. Jijiyar idon ya ci. Na hagu ya kusa tafiya, na dama saura kaɗan. Za mu ba ki maganin ɗigawa mu riƙe abin da ya rage, amma wanda ya tafi ba ya dawowa."

Yaya ta ce, "Likita, aikin allura ne ya jawo mata?"

"A'a, Mama. Ciwo ne da ke kama mutum ko bai taɓa riƙe allura ba. Da dai an zo da wuri, da an ceci da yawa."

Suka fito suka zauna a gaban tagar da ake karɓar magani, suna jiran a kira lambarsu. Yaya ta danne hannun damarta da na hagu a kan cinya. Can ta ce, "Tun yaushe?"

"Ya kai shekara biyu ina gani dishi-dishi."

"Shekara biyu! Me ya hana ki faɗa? Ni dodo ce?"

Auta ta ce, "Na ce in kin sani shi ke nan, ba za ki taɓa ba ni almakashin ba. Na so in riƙe shi ko sau ɗaya a teburin nan ina gani. Kullum sai in ce bari in ƙara jira."

Maganar ta daki Yaya, amma mai hali ba ya fasa halinsa, sai ta rufe ta da faɗa. "Ke ma dai da naci. Kin zauna kin kashe idonki a kan abin da ba ki iya ba. Me kika sani a yanka?"

Auta ta yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba. Ta ce, "Yaya, telan unguwarmu ni ce. Da almakashin da baban yara ke rage gemu nake yi, a ƙasa, tsakar ɗaki. Ina kallon hannunki daga kujerata, in na koma gida in gwada a tsohuwar jarida. Ranar da kika ce hannunsa ba laifi, kwana uku na yi ina murna ni kaɗai."

"To me ya sa ba ki ce ke ce ba?"

"Kin riga kin gaya wa duniya ko ni wace ce. Har mai burodi ya san labarin zaren. In na ce ba haka ba ne, na ƙaryata ki ke nan a kan abin da kika fi ji da shi. Zaren nan ma ba haƙuri ba ne, Yaya. Tun da kika fita nake kallon almakashin, raina kamar in datse abin in huta. Tsoronki nake ji. Ba ni da kowa sai ke, na ce in na ɓata miki zare kika kore ni, ina za ni? Ina kuka ina warwarewa. Da na ji kin kusa dawowa na tashi na wanke fuska."

Ba da zafi ta faɗa ba, da ma da zafin ne da ya fi sauƙi. Yaya ta zauna tana kallon bangon asibiti, baƙin ciki ya rufe ta. Ta karanta baƙi daga kallo ɗaya ba ta yi kuskure ba, yarinyar da ta raina da hannunta kuwa ta ga tsoro a jikinta ta kira shi haƙuri, ta kuma yi shekara talatin da biyu tana ba da labarin ana yaba mata. Aka kira lambarsu sau biyu kafin ta ji. Ta je ta karɓo maganin, ledar na ta ƙara a hannunta saboda rawa.

An gama kwangilar saura kwana biyu. Alƙali da ɗaya daga cikin masu keke suka raba maɓallan da suka rage. Shugabar makarantar ta zo da kanta, ta ɗaga riguna ta juya, ta ce ba ta taɓa ganin ma'aikatan da kowa ya dace da gurbinsa irin waɗannan ba. Rediyo ce ta amsa godiyar, don Yaya ta juya baya tana tattara guntayen ƙyalle da ba su buƙatar tattarawa. Auta ba ta sake zuwa shago ba. Tana gida, babbar 'yarta na ɗiga mata magani safe da yamma.

Bayan mako uku, ranar da ba a buɗe shago, Yaya ta shiga kasuwa da safe ta zaɓi baƙin yadi mai kyau, baƙi don alli ya fito sosai. Ta hau mota ta tafi unguwar su Auta. Mai gyaran famfo ya tarbe ta a ƙofa ya ce, "Yaya, lafiya da sassafe? Ina za ki kai mini ita?"

Ta ce, "Inda ya kamata in kai ta tun ba ka san ta ba."

A shago ta buɗe taga har ƙarshe, ta tura teburin yanka da ƙugunta ya ƙara matsawa cikin haske. Ta shimfiɗa yadin, ta ɗauko kwalin gaban riga ta ɗora. Sannan ta miƙa hannu ta sauke almakashin daga ƙusa, ta kamo hannun ƙanwarta ta sa mata.

Auta ta auna shi a tafinta, ta buɗe ta rufe, ta saurari ƙararsa. Ta ce, "Ashe haka yake da nauyi."

Ta ajiye shi, ta karɓi alli ta zagaye kwalin da lalube, layin ya fita fes. Yaya ta ce, "A bar kwalin a kai, sai ki riƙa bin gefensa da yatsa."

"Wannan ba yanka ba ne, Yaya. Ɗauke shi."

Yaya ta ɗauke. Auta ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa yadin, ta karkatar da kai ta nemo layin da idon dama, ta ɗan ɗago, ta fara. Yaya na tsaye a gefe tana kallon hannun. Bakin almakashin ya buɗe har ƙarshe, ya rufe a tafi ɗaya, ba ɗar, ba gutsure-gutsure, hagun na gaba yana kwantar da yadi. Hannun mai yanka ne, ko makaho ya ji ƙarar ya san haka. Ya tafi kamu guda cur a kan layi. Da aka zo lanƙwasar hammata layin ya ɓace mata. Almakashin ya kauce ya shiga cikin jikin rigar, ya yi nisa. Auta ba ta tsaya ba, ta kai har ƙarshen yadin, sannan ta miƙe tana haki kaɗan.

Ta ce, "Ya yi?"

Yaya ta dubi rigar da ba za ta taɓa ɗinkuwa ba. Ta ce, "Ya yi."

"Haba, Yaya, kar ki fara ƙarya da girmanki. Na ji inda na bar layi, a hammata ne." Ta shafa gefen yankan da yatsa tun daga inda ta fara, a hankali, har ta kai wurin da ya karkace, ta tsaya. "Amma farkon fa? Kafin lanƙwasar?"

Muryar Yaya da ake jiyowa daga bakin titi ta yi ƙasa. Ta ce, "Farkon ya fi nawa."

Auta ta gyaɗa kai. Ta juya almakashin ta miƙa wa yayarta ta wajen mariƙin, ta laluba gefen tebur ta ɗauki mayafinta.

Ta ce, "To, mai da ni gida, Yaya. Hasken nan ya fara yi mini ciwo."